Jan Rubutun da Bai Isa Wurin Tabita Ba

Akwai wani mutum mai aikin kwamfuta, irin masu rubuta wa na'ura umarni a kan baƙin allo. Yana da yaya, sunanta Tabita, mijinta ya rasu. Injinan ƙyanƙyasar ƙwai huɗu su ne abin da take ciyar da marayunta da su. Saboda ƙaunar da yake mata, sai ya rubuta umarnin da zai riƙa auna zafin kowane inji, ya aika mata rahoto a waya kowace safiya.

Mutumin nan gwani ne, ya kuwa san shi gwani ne. Ya jera lambobin layi-layi kamar kunyoyin gona, ya sa wa inji mai lafiya launin kore, wanda zafinsa ya yi yawa kuma ja. Ya dubi allonsa, ya ga ya yi kyau ƙwarai. Bai taɓa zuwa ya ga yadda saƙon yake fitowa a wayar Tabita ba.

Ana nan, sai inji na uku ya ɗau zafi. Kwana biyu saƙo yana zuwa, Tabita ba ta yi kome ba, har ƙwan da ke ciki suka lalace duka.

Ya zo ransa a ɓace, ya ce, "Haba Yaya! Kwana biyu ja yana gabanki, ba ki gani ba?"

Ta miƙa masa 'yar wayarta. Ya duba, babu ja, babu kore. Ƙaramar wayar ba ta nuna launi, layukan sun kakkarye, lambobi sun cakuɗe da wasu alamomi marasa kan gado.

Ta ce, "Ai kullum haka yake zuwa, ƙanena. Na ga wahalar da ka sha, shi ya sa na ji nauyin in ce ban gane ba."

Tausayinta ya kama shi. Nan take ya zauna ya cire kwalliyar duka, ya sa saƙon ya fara da magana a fili: "Inji na uku ya yi zafi, je ki duba yanzu."

Ma'anar wannan misali ita ce, da yawanmu muna ƙaunar 'yan'uwanmu da gaske, muna kuma faɗa musu gaskiya, amma yadda mu muke ganewa. Mu ce, "Ai na faɗa masa," alhali maganar ba ta isa kunnensa ba, shi kuwa kunya ta hana shi tambaya. Kai malami, ke uwa, kafin ku yi fushi da wanda bai ji gargaɗi ba, ku je ku zauna inda yake zaune, ku ga abin da ya iso wurinsa. Kai kuma da ba ka gane ba, buɗe baki ka faɗa, matambayi ba ya ɓata. Ubangijinmu ma bai tsaya a sama ya yi mana magana daga nesa ba. Ya sauko, ya zauna a cikinmu, ya yi magana yadda za mu ji.