Malamin da Ya Miƙa Tafin Hannunsa

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, lokacin da aka soma buɗe ƙananan makarantun sakandare a ƙauyuka. Ku saurara, jama'a, don wannan labari bai bar kowa a cikinmu ba. Sunan bawan Allahn nan Malam Namadi. Ba shi da komai sai keke da mata da 'ya'ya uku da tsohuwa a gida. Aikin gona ya karanta, shi aka ɗauke shi ya koyar, kuma ɗaukar ma ta gwaji ce. Su biyu ne a kan gurbi ɗaya, aka ce ƙarshen wata za a riƙe ɗaya a sallami ɗaya.

Ana nan sai malamin lissafi ya samu canji ya tafi. Shugaban makaranta ya duba hagu, ya duba dama, ya ce, "Malam Namadi, ka riƙe mana aji ɗaya kafin a turo wani." Mai neman a riƙe shi yana cewa a'a? Ya ce to. Littafin lissafi guda ɗaya ne a makarantar, yana kulle a kabad ɗin shugaba. Sai ya koma gida ya tono tsohon littafin rubutunsa na makaranta, wanda gara ta ci rabin shafukansa, ya shiga koyar da yara lissafin rabi da sulusi da kwata. Tarawa ta tafi daidai, ɗebewa ta tafi daidai, ninkawa ma haka. Da aka zo rabawa, wurin nan ne gara ta cinye. Ya cike da abin da ya ga ya dace da hankalinsa. Ya ce wa yara, "Duk abin da aka raba, raguwa yake yi." Yara arba'in da bakwai suka amsa da ƙarfi, suka rubuta, mako biyu cur suna yi yana sa musu jan maki.

To, akwai wata al'ada a makarantar, wasunku sun san ta, wasunku ma an yi da su. In malami ya ba da tambaya, wanda ya ci shi ake miƙa wa tsumagiya ya zane wanda ya faɗi. Ranar wata Alhamis Malam Namadi ya rubuta a allo: shida a raba da rabi. Ya nuna wata yarinya mai suna Kuluwa, 'yar shiru-shiru da ke zama jikin taga. Ta miƙe ta ce, "Sha biyu."

Aji ya tuntsire da dariya. Malam ya ce, "Kuluwa, an raba abu kuma ya ƙaru? A gidanku haka ake yi?"

Ta ce, "Malam, ni dai sha biyu nake gani."

Ya nuna wani yaro, Sallau, shi kuma ya ce uku. Malam ya ce madalla, ya miƙa masa tsumagiya. Sallau ya zuba mata uku a tafin hannu. Ba ta yi kuka ba, ta koma ta zauna. Kafin a tashi har an laƙaba mata suna, ana kiran ta Sha-biyu.

Ku dubi ikon Allah. Washegari Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, tsohuwarsa ta ce a fitar da gero mudu shida a yi wa marigayi mahaifinsa sadaka, a kai wa maƙwabta rabin mudu kowane gida. Malam yana tsakar gida yana kwance bakin buhu, ya ɗaga murya ya ce wa matarsa, "Hajo, gida nawa zai isa?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba daga wankin da take yi, ta ce, "Mudu shida rabi-rabi ai gida sha biyu ne, Malam."

Hannunsa ya tsaya a bakin buhu. Hajo ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba. Ya ɗauko kwanon rabin mudu ya auna da kansa, ɗaya, biyu, uku, har sha biyu. Ya juye ya sake. Sha biyu. Ya juye ya sake, kamar geron zai ji tausayinsa ya canja magana. Hajo ta ce, "Malam, lafiya? Geron nan fa mutane za a kai wa."

Daga nan zama ya gagare shi. Ya shiga ɗaki, ya fito. Ya je bakin kasuwa, bai sayi komai ba, ya dawo. Aka kawo tuwo, ya yi loma biyu ya tsame hannu. Asabar ya ɗauki fartanya ya tafi gona, ya yi kunya ɗaya ya tsaya yana zane a ƙasa da tsinke, yana sharewa da ƙafa, yana sakewa. In ya rufe ido tafin hannun yarinyar nan yake gani. In ya buɗe, 'ya'yansa uku yake gani. Ga shi kuma ranar Litinin ɗin nan ce shugaba ya ce zai shigo ajinsa ya zauna ya ga koyarwarsa, daga nan a yanke wanda za a riƙe. Tsoro ya kama shi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Mutumin kirki ma yana jin tsoro.

Lahadi da hantsi ya hau keke ya tafi wajen wani abokin aikinsa, Malam Tukur, wanda ya daɗe a koyarwa. Ya zayyana masa komai. Malam Tukur ya yi dariya ya ce, "Ai juyawa ka manta. Lamba ta biyun ake juyawa, ta ƙasa ta koma sama, sannan a ninka. Ɗaya bisa biyu ta zama biyu, shida sau biyu sha biyu. Shi ne ya hana ka cin abinci?"

Ya ce, "Na sa an doki yarinya a kan gaskiyarta."

Malam Tukur ya ce, "To ka saurare ni. Gobe ka koyar da tarawa, wadda ka iya. In an ba ka takardar aiki, bayan mako biyu ka ce musu ga sabuwar hanya ta zo daga ofishin ilimi. Yara ne, wa zai tuna? Ita ma yarinyar ta manta."

Jama'a, shawarar nan ba daɗi? Daɗi gare ta. Ga aiki ya tsira, ga yara za su gyaru a hankali, ga mutunci bai zube ba. Malam Namadi ya hau keke yana cewa a ransa haka za a yi. Kafin ya kai gida ya sauka sau biyu ya tsaya a gefen hanya, don abu ɗaya ya ƙi shiga lissafin. An doke ta a gaban mutum arba'in da shida, su kuma har yau sun ɗauka ita ce mara kai.

Litinin ta yi. Shugaba ya shigo ya zauna a bencin baya da takarda da biro. Malam Namadi ya ɗauki alli ya rubuta: shida a raba da rabi. Yara suka amsa baki ɗaya, "Uku." Ya juyo ya ce, "Ba uku ba ne. Sha biyu ne. Abin da na koya muku mako biyun nan kuskure ne, kuma kuskurena ne, ba naku ba. Kuluwa ce ta faɗi daidai, na sa aka doke ta."

Shugaba ya ajiye biro.

Malam ya ce, "Kuluwa, taso." Ta taso. Ya ɗauki tsumagiya ya miƙa mata, ya buɗe tafin hannunsa ya ce, "Dokar ajin nan, wanda ya ci shi ke dukan wanda ya faɗi. Ke kika ci. Uku aka yi miki."

Yarinya ta riƙe tsumagiya tana kallon ƙasa. Can ta ɗora ta a kan tebur ta ce, "Malam, na yafe. Amma uku a raba da sulusi fa? Tara na rubuta, shi ma ka soke mini."

Ya ce, "Tara ne." Nan ne hawaye ya zubo masa, a gaban yara, bai share ba.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce shugaba ya miƙe ya rungume shi ya ba shi aiki. Bai ba shi ba. Ya kira shi ofis ya ce, "Malam Namadi, na ga abin da ban taɓa gani ba, kuma ka ƙara girma a idona. Amma rahoto zan rubuta, ba zan kuma rubuta ƙarya ba. Ɗayan za a riƙe."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi daidai. Alfarma ɗaya nake roƙo, a bar ni in ƙarasa makon nan."

Aka bar shi. Kwana huɗu yana zuwa da gero a ƙullin zane da kwanuka, yara na aunawa da hannunsu, rabi-rabi, kwata-kwata, har kowa ya ga yadda ƙaramin ma'auni ke ba da awo mai yawa. Ya bi littattafai arba'in da bakwai ɗaya bayan ɗaya yana soke makin da ya bayar da hannunsa yana rubuta daidai. Ranar Juma'a ya yi sallama da su, ya koma gonarsa, da ita ya ciyar da iyalinsa.

To, ku saurara. Kuskure ba shi ne abin tsoro ba, duk muna yi, ni da ke zaune a nan ina yi. Abin tsoro shi ne ka zalunci mutum a bainar jama'a, sannan ka ce za ka gyara a ɓoye don kada girmanka ya taɓu. Kai maigida, ka zane ɗanka a kan abin da ya ɓata, daga baya ka tsinci abin a aljihun rigarka, ka yi shiru. Ke uwa, kin kunyata 'yarki gaban baƙi, kin gano ita ce da gaskiya, sai kika ƙara mata nama a miya kika ce an wuce wurin. Ba a wuce ba, haƙƙi ne, yana nan a rubuce. Wanda ka ƙasƙanta a gaban mutane, a gaban mutane za ka wanke shi, ko da ɗan cikinka ne, ko da za ka yi asara. Kowa a nan ya san wanda ya faɗo masa a rai tun ɗazu da nake magana. In mun shafa fatiha, kada ka tsaya gaisawa a ƙofar masallaci, ka tafi ka same shi tun yana raye kana raye. Allah Ya ba mu ikon yi.