Sarki Jatau da Bayin da Ya 'Yanta

Masu ba da labarin mutanen da can sun ce a Birnin Marke an yi wani sarki mai suna Jatau. Wata shekara ruwa ya ƙi sauka. Aka yi ta roƙo, sama ko ɗigo. Sarki ya tara jama'a a filin idi, ya yi wa Allah alkawari cewa duk bawan da ke birnin ya 'yantu, daga na fada har na talaka. Aka sake su, suka fita bayan ganuwa suka kafa bukkoki.

Ba a jima ba ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ƙasa ta jiƙu, ga gonaki, babu masu riƙe sungumi. Galadima ya zo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, abin da mutum ya faɗa cikin firgita ai ba a kama shi da shi. Ruwa dai ya zo. Ka ba dogarai izini su komo mana da su kafin ƙasa ta bushe."

Sarki bai ce i ba, bai kuma ce a'a ba.

To, akwai wata shamuwa da ke sheƙa a tsamiyar fada kowace damina. Ta sauko gaban Sarki ta ce, "Ranka ya daɗe, mu matafiya ne. Kakata ta ba ni labarin wasu mutane da suka taɓa yin wannan shawara, kuma ba zan koma sheƙa ba sai ka ji shi."

Sarki ya ce, "Ke da kika iso jiya, har kin fara shari'a? To, faɗi."

Shamuwa ta ce:

A zamanin Bani Isra'ila, rundunar wani sarkin gabas ta kewaye birninsu. Da ma annabinsu ya daɗe yana yi musu gargaɗi cewa in ba su bar zalunci ba, za a kwashe su zuwa baƙuwar ƙasa. Da yunwa ta matsa, manyansu suka shiga ɗakin ibada suka rantse, suka saki 'yan'uwansu da suke bautarwa. Sai ga rundunar ta naɗe tantuna ta juya. Aka yi guɗa a kan ganuwa. Kafin ƙurar dawaki ta kwanta, iyayen gida sun bazu cikin lunguna suna farautar waɗanda suka saki.

Annabin ya tsaya a ƙofar birni ya ce, "Ba da bayinku kuka yi alkawari ba, da Ubangiji kuka yi. Rundunar da ta tafi za ta komo. Za a ƙone garin nan, igiyar da kuke riƙe kuwa a wuyanku za ta kwana." Suka ce tsoho ya rikice.

Cikinsu akwai wani attajiri, Hananu. Ya iske baiwarsa ta da, Tirza, tana gasa gurasar sayarwa a bakin kasuwa. Ta miƙa masa hannuwanta ta ce, "Ɗaura, maigida, ba zan gudu ba. Amma ka ji labarin mahaƙin rijiya."

Ya ce, "Yi sauri, akwai niƙa a gida."

Tirza ta ce:

Wani mutum ya cinye gonar gadon ƙanensa. Ran nan yana can ƙasan rijiya yana haƙa, sai bango ya fara zubowa. Ƙanen ne kaɗai a sama. Ya yi ihu, "Ɗan'uwana, jawo ni, na rantse gonarka ta komo hannunka!" Ƙanen ya yi ta ja har tafinsa ya tsage. Da wan ya ga yatsunsa sun kama bakin rijiya, sai ya yi dariya ya ce, "Wace gona? Sakar mini igiya, ni na fitar da kaina." Ƙanen ya saki. Bakin rijiyar ya gutsure a hannun wan, ya koma inda ya fito.

Tirza ta ce, "Yatsunka ne kawai suka kama baki, maigida. Ƙafarka tana cikin rami."

Hananu ya ɗaure ta, ya ce bakinta ya yi tsawo tun da ta sha iskar kasuwa. Gurasar ta ƙone a tanda. Kafin a girbe amfanin shekarar rundunar ta komo, aka rushe ganuwa, aka sa wa ɗakin ibada wuta. Kakata ta ce ta bi ta samansu ana kora su gabas, babu takalmi, ba ta iya gane wane ne ubangida wane ne bawa ba.

Shamuwa ta dubi Sarki ta ce, "Ruwa ɗaya aka yi maka, ranka ya daɗe. Gero bai ko tsiro ba. Wanda ya saukar da shi yana jin abin da ake faɗi a zauren nan."

Galadima ya ce, "Zaki, yanzu tsuntsuwa ce za ta hana mu noma?"

Sarki ya dubi Galadima. Sa'an nan ya miƙe ya ce, "A kira Sankira. A yi shela a kasuwa da kowace ƙofa: duk wanda ya taɓa mutum ɗaya daga cikin waɗanda na 'yanta, ni ya taɓa. A kuma yanka musu gonaki a fadamar yamma, a ba su iri daga rumbuna."

Galadima ya ce, "To, tawa gonar fa? Wa zai shuka ta?"

Sarki ya ce, "Ka je bukkokinsu da ƙafarka, ka yi sallama, ka roƙe su gayya. A dama fura mai yawa. In sun zo ka gode musu."

"In sun ƙi fa?"

"Sai ka tuɓe babbar riga, Galadima. Ni ma gobe da sungumina zan fita."