Manomin da Ya Tuge Gambar Bakin Rafi

Da na dawo gida bayan shekarun da na yi a kudu, na tarar abubuwa da yawa sun sake. An yi wa majami'armu rufin kwano, har da fitilar sola. Tsamiyar bakin kasuwa ta faɗi. Baba Tanimu mai buga mana ganga ya rasu. Yaran da na bari a goye su ne yanzu suka cika makarantar Lahadi, wata ma ta tambaye ni ko ni baƙo ne. Amma abin da ya fi tsayar da ni shi ne rafin bayan gari. A da yakan ƙafe tun kafin Kirsimeti, ga shi na dawo a tsakiyar rani na ga mata suna wanki a cikinsa.

Malama Rifkatu, mai koyar da yaran, ta ce mini, "Kai da ka zaga duniya, zo ka ba su labari kafin ƙafarka ta sake yin ƙaiƙayi." Ban ba su labarin birni ba. Abin da na gani a bayan gari shi na mayar musu misali.

An yi wani manomi mai gona a gangaren tudu. A ƙasan gonarsa akwai rafi, a bakin rafin kuwa ciyawar gamba ce a jere, wadda kakanninsa suka bari ba a nomewa. Ta gefen gonar burtali ya bi, wato hanyar da shanun wani makiyayi suke sauka zuwa mashaya. Can ƙasa kuma fadamar wata gwauruwa ce, inda take shuka shinkafa.

Wata shekara manomin ya dubi gambar nan ya ce a ransa, "Wannan ciyawa tana cin ƙasata a banza. Ai ba a tuƙa tuwo da ita." Sai ya tuge ta duka, ya yi huɗa har bakin ruwa. Ya kuma shiga cikin burtalin da garmarsa, ya tsuke shi.

Da damina ta sauka, ruwa ya gangaro daga tudu, ba abin da ya tare shi. Ya fara tsaga ƙasa siririya, kafin kaka tsagar ta zama kwari mai haɗiye mutum a tsaye. Duk ruwan da aka yi, sai kwarin ya ƙara hawa cikin gonar yana lashe dawa. Mutumin ya ji tsoro ƙwarai, gama gonar nan ita kaɗai ubansa ya bar masa, da ita yake ciyar da gidansa. Ya shiga ɗebo duwatsu yana zubawa cikin kwarin shi kaɗai, ruwa kuwa yana zuwa yana kwashewa.

Wata rana yana cikin wannan aiki, sai makiyayin ya tsaya a bakin kwarin, ya dogara da sandarsa.

Ya ce, "Sannu mai gona. Kullum kana ba shi duwatsu, har yanzu bai ƙoshi ba?"

Manomin ya ce, "Wuce ka ba ni wuri. Ba shanunka ne suka tattake ƙasar ba?"

"To a ina za su taka? Hanyar da ka bar mana, akuya ma sai ta karkace."

Suna cikin haka sai ga gwauruwar ta hauro, laka har gwiwa. Ta ce, "Maƙwabci, gonarka ta zo mini baƙunci. Tana can kwance a kan shinkafata. Yaushe za ka zo ka ɗauki abarka?"

Manomin ya zauna a kan dutse ya riƙe kai. Ya ce, "Inna, ni ma ta ƙi zama a wurina."

Sai makiyayin ya ce, "Ku taso mu hau. Ruwan nan ba a gonarka yake farawa ba."

Suka hau tudun su uku, suka tarar da samansa tal, ba inuwa ba ciyawa, sai kututture. Gwauruwar ta shafa wani kututture ta ce, "Wannan saran gatarina ne. Nan nake yin itacen da nake sayarwa." Makiyayin ya dubi ƙasa ya ce, "Ni kuma tun ciyawa tana jaririya nake sako shanu a nan, ba ta taɓa zubar da iri ba." Manomin kuwa ya tsaya daga can sama yana hangen bakin rafin da ya aske.

A nan suka ɗaure magana. Manomin zai mayar da burtali yadda yake, ya sake dasa gamba, ya bar bakin rafi ga rafi. Makiyayin zai kau da shanunsa daga saman tudu har ciyawa ta zubar da iri, bayan girbi kuma ya kwana da su a gonar manomin, su ci kara su bar masa taki. Gwauruwar za ta daina sare ɗanyen itace daga gindi, sai dai ta rage rassa, ta bar tohon kututture ya girma. Suka kira gayya, gari ya fito, aka jera duwatsu a gicciye tun daga sama, domin ruwa ya riƙa hutawa kafin ya sauko.

Shekarar farko ba wanda ya ji daɗi. Rumbun manomin bai cika ba, shanun makiyayin suka yi tafiya mai nisa neman ciyawa, itacen gwauruwar ya ragu. Manomin ya yi gunaguni, amma bai tuge gambar ba. Da damina ta zagayo, kwarin ya daina hawa. Bai rufe ba, tabonsa yana nan, amma ciyawa ta tsiro a cikinsa, gonar kuwa ta zauna wa mutumin da 'ya'yansa.

To, ga abin da misalin yake nufi. Tudun nan shi ne ƙasar da Ubangiji ya ba mu amana. Ba mu muka yi ta ba, riƙo aka ba mu. Manomin shi ne duk wanda yake cewa, "Gonata ce, abin da na ga dama zan yi." Ruwa bai san iyakar gona ba. Abin da ka yi a sama yana sauka a kan wanda yake ƙasa, haka kuma zunubin haɗama yake, ba ya tsayawa a gidan mai shi. Duwatsun da mutumin yake zubawa shi kaɗai su ne ƙoƙarinmu na gyara ɓarna ba tare da mun nemi maƙwabci ba. Ku lura kuma, wanda ya ce su hau tudu makiyayi ne, ba a majami'a ɗaya suke sujada ba, duk da haka ta bakinsa Allah ya kawo taimako. Kada ku raina wanda kuke shan ruwan rafi ɗaya da shi.

Ya ku yara, iyayenku sun yi irin wannan aiki a bayan garin nan lokacin da ba na nan. Kowa ya bar wani abu da yake so, domin ku sami ƙasar da za ku gada. Ku gode musu, ku gode wa Allah. Ni ma na gode, gama na ci tuwon gonar da ban sha wahalar tsare ta ba.

Gobe Litinin akwai gayyar gyaran duwatsu kafin ruwa ya sauka. Goben ne kuma na shirya komawa kudu. Jakata tana ɗaure a bakin ƙofa, mahaifiyata ta cusa mini kuka da daddawa har zif ya ƙi rufuwa. Na gaya wa mai mota ya ba wani kujerata ta safe. Zan hau tudu tukuna, in bi motar da za ta tashi da yamma.