Kwalekwalen Ranar Lahadi

Akwai wani masunci a ɗan tsibirinmu na ƙasar Tonga, sunansa Kelepi, shi ne Bishop ɗin cocin Mormon. Ba albashi a wannan muƙami: da safe kamun kifi, da yamma matsalolin jama'a.

Maƙwabcinsa Tomasi, ɗan wani coci daban, ya mai da shi abin tsokana saboda 'yan Mormon ba sa shan shayi. Kullum sai ya ɗaga masa kofi. "Bishop, zo ka kurɓa mana! Au, na manta, ku ko tururinsa tsoro kuke ji."

Kelepi sai dai ya yi murmushi ya wuce.

Kwatsam guguwa ta daidaita tsibirin. Kwalekwale duk suka farfashe, na Tomasi kaɗai ya tsira. Ruwan teku ya shiga rijiyoyi, tankin cocin Kelepi ne kawai ya rage da ruwan sha.

Dattawan cocin suka ce a sa wa famfon tankin kwaɗo. "Bishop, mu ma ba zai ishe mu ba, balle Tomasin nan mai dogon baki."

Kelepi ya ce, "Ni ba zan tsaya bakin famfo ina tambayar mai ƙishirwa cocinsa ba. Ku buɗe."

Tomasi ya zo da bokiti, kai a sunkuye. Kelepi da hannunsa ya cika masa.

Ranar Lahadi naƙuda ta kama Melenaite, 'yar Kelepi tilo. Jini ya ɓalle. Ungozoma ta fito ta sami Kelepi. "Baban Mele, in ba a kai ta asibitin babban tsibiri yanzu ba, sai dai gawa."

To, Lahadi a nan ba a tura jirgi ruwa, haramun ne, ranar ibada ce. Kelepi kansa ya sha yin wa'azi a kan haka. Amma hankalinsa ya gama tashi, ya ruga ba takalmi har cocin su Tomasi, ana tsakiyar waƙa ya zube a bakin ƙofa yana kuka.

"Tomasi, don Allah! 'Yata za ta mutu!"

Aka fara gunaguni: "Yau fa Lahadi!"

Tomasi ya miƙe yana cire kwat. "Ranar da na je da bokiti, mutumin nan bai yi min tambaya ko ɗaya ba. Tashi, Bishop, ɗauko ta."

Suka keta igiyar ruwa, Kelepi riƙe da kan 'yarsa yana kiran sunanta kada ta rufe ido.

A asibiti aka daɗe kafin kukan jariri ya tashi, likita ta leƙo ta ce uwa ma ta tsira. Kelepi ya fashe da kukan farin ciki.

Tomasi ya miƙa masa kofi, shi ma idonsa jawur. "Sha, Bishop. Ruwa ne, ba shayi ba."

Darasi: Kada ka rufe ƙofar alheri ga wanda ya ɓata maka, wata rana ran ɗanka zai iya zama a hannunsa. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.