Hannu Ɗaya a Kwano

Aminiyata, zauna ki ji wannan, ya daɗe a raina.

Akwai wani tsoho a wani ƙauye kusa da Bunkure, Malam Mudassiru. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu birni. Ya rame har riga ta yi masa yawa.

Matan garin suna da ƙungiya mai dafa wa tsofaffi abincin rana: shinkafa da wake, kwaɗon zogale, wani lokaci har da kifi. Wata 'yar ƙungiyar, Jemima, ita ce ke kai masa. Ta ajiye a zaure ta wuce, washegari ta tarar loma biyu kawai ya ci.

Raliya, shugabar ƙungiyar, ta ce, "Girman kai ne, wai shi ba ya cin sadaka. A ba mai so."

Jemima ta roƙa a bari ta tambaye shi. Ta durƙusa a bakin zaure. "Baba, in don ni Kirista ce, a sauya mai kawowa."

"Subhanallahi, 'yar nan. Girkinki ba laifi, rowar gishiri dai gare ki." Ya dubi kwanon. "Ban taɓa cin abinci ni kaɗai ba. A nan muke fito da kwanuka da maƙwabta, a haɗa. Duk sun riga ni gidan gaskiya. In na yi bisimilla na ga hannuna kaɗai, sai abincin ya fita raina."

Ta san ba zai ci da mace ba. Sai ta tuna Baba Obadiah, tsohon mai gadin injin ban ruwa, wanda shi ma ake kai wa a ɗaki. Ta juye abincinsu a faranti ɗaya, ta riƙo Baba Obadiah har zauren Malam.

Suka sa hannu. Can Malam ya tura masa kifin. "Ci, kai ke da sauran haƙori."

"Biyu ne, Malam, kuma ba sa haɗuwa."

Suka cinye tas. A hankali Malam ya fara murmurewa.

Bayan girbin shinkafa Obadiah ya rasu. Jemima ta kawo abinci, ta tarar ba kowa a zaure. Ashe Malam ya dogara sanda ya tafi ƙofar wani tsohon, suna zaune suna jira a kawo musu can.

Darasi: Kafin ki ce tsoho ya raina abincinki, duba ko akwai wanda zai zauna ya ci da shi. Ki tura wa masu kula da iyaye. Amma don Allah kada ki faɗa wa kowa ƙauyen, Malam yana nan da ransa, kuma mai kunya ne.