Raken Sarkin Kasuwa

An yi wani Sarkin Kasuwa da ya sa wa inuwar Jatau mai rake ido. Ran nan ya miƙo masa karan rake uku.

"Raba su, amma su ƙaru. In ka kasa, ka tashi daga gindin tsamiyar nan."

Jatau ya sassara kowane kara gida huɗu.

"Ranka ya daɗe, rubu'i nawa ke cikin uku?"

"Goma sha biyu."

"Sun ƙaru ke nan?"

"Sun ƙaru," in ji Sarki, ganin jama'a sun taru.

Jatau ya kwashi takwas ya rarraba wa 'yan kallo.

"Kai! Rakena!"

"Haba, ranka ya daɗe, uku ka kawo, ga huɗu na bar maka. Har da ƙarin ɗaya!"