Saƙon da Nasiba Ba Ta Ji Ba

Akwai wata baiwar Allah a wani ƙauye da ke bayan Deule, cikin ƙasar Buza, sunanta Nasiba. Ku karanta labarinta a natse, don ni kaina tun da na ji shi nake ta juya shi a raina.

Nasiba kurma ce, amma ba haka aka haife ta ba. Tana aji shida a lakwal, wato makarantar boko, sanƙarau ya kwantar da ita. Ta tashi da ranta, ji kuwa ya tafi bai dawo ba. Bakinta yana magana, karatu da rubutu kuma ta iya su tsaf, har ta fi wasu masu kunne lafiyayye.

Mijinta Manzo, da aka gama yankan hatsi, ya ɗauki jakarsa ya tafi biɗa, wato ci-rani, Abijan kamar sauran mazan Adar. Ya bar ta a gidan iyayensa da babbar waya ta shafawa, da kuma cikin fari.

To, kun dai san yadda cikin fari yake a wajenmu. Mai shi ba ta ambatarsa. Surukarta Gogo ta gane tun da wuri, ta rage mata daka, ta hana ta ɗaukar tulu, amma ba ta taɓa nuna ta san dalili ba. Nasiba ta san Gogo ta sani. Haka suka zauna, kowa da kunyarsa.

Wata ranar kasuwa ta zame ta je awo gidan likita. Ungozomar, Madam Fatiha, ta duba ta, ta ɗaura mata abin awon tansiyo, wato hawan jini, ta ɗan ɗaure fuska. Ta rubuta mata ranar dawowa a kati. Sai ta karɓi wayarta ta sa mata wata manhaja, wadda mutane ke cewa apilikasiyo, ta nuna mata da hannu cewa saƙo zai riƙa zuwa ta nan. Mata na jira a waje cike da benci, ba lokacin dogon bayani.

Nasiba tana ganin hoton manhajar ta yi murmushi. Ai ta san ta. Yayanta ne ya yi ta.

Shamsuddin kenan, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi karatun na'ura a Yamai, ya dawo Madawa yana aiki da wata ƙungiya mai kula da lafiyar mata. Yaro ne mai kai, ba na rage masa. Ya lura yawancin matan karkara ba su karatu, sai ya yi manhajar da murya zalla. Ba harafi ko ɗaya. Mace ta danna kore, wata murya ta yi mata bayani da Hausa: abin da za ta ci, ranar awo, alamun da in ta gani ta garzaya likita. In ungozoma na son ganin wata kafin ranarta, ta nan za ta kira ta. Aka yaba masa daga Madawa har Keita. Yabon kuwa ya shige shi sosai.

Saƙo na farko ya zo Nasiba na tsince wake. Ta danna kore. Wani ɗan layi ya fara tafiya a fuskar wayar daga hagu zuwa dama, ya kai ƙarshe ya tsaya. Shi ke nan abin da ta samu.

Ta yi ta maza ta kira Biba, matar ƙanen mijinta, ta miƙa mata wayar, ta nuna kunne. Biba ba muguwa ba ce, rawar kai ne ya yi mata yawa. Maimakon ta kara a kunnenta, sai ta danna a tsakar gida, muryar a buɗe, surukinsu yana zaune a kan tabarma yana gyaran igiya.

Nasiba ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Fuskoki ta gani. Ta ga Biba ta toshe baki. Ta ga Gogo ta juya baya ta shiga hura wutar da ke ci da kyau. Ta ga tsohon ya ajiye igiyarsa, ya zura takalmi, ya fita daga gidan. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Wuni guda ba ta fito ɗaki ba, kuma abin haushin, har a lokacin ba ta san me aka ce ba, don Biba ba ta iya rubutu, da hannu kawai ta yi ta nuna ciki tana dariya.

Daga ranar ba ta sake ba kowa wayarta ba.

Sai ta tuna ai mai abin nata ne. Kullum suna rubuta wa juna saƙo da Shamsuddin, shi ya ma koya mata waya. Amma ta yaya ƙanwa za ta ce wa yayanta namiji tana da ciki? Sai ta kewaya.

Ta rubuta: "Yaya, apilikasiyon nan taka, ba a iya sa ta ta rubuta abin da take hwaɗi? Wata ƙawata ce ba ta ji."

Ya amsa da sauri, da alama yana tsakiyar aiki: "Nasiba kenan. Matanmu nawa sunka iya karatu? Murya ita ce ta kowa. Ta ba wani ya saurara mata."

Ta rubuta: "In abin kunya ne hwa?"

"Lahiya ta hi kunya. Yanzu muna shirin kai ta Tamaske, ba ni da lokacin sake gini saboda mutum guda. Ki gaida Inna Gogo."

Ta daɗe tana kallon kalmomin nan biyu, mutum guda. Ta rubuta masa "To Yaya, Allah shi taimaka," ta ajiye wayar. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ba ta ga laifinsa duka ba. Ta saba. Tun da ji ya tafi, kowa haka yake ce mata: ba wani ya ji miki.

Ciki ya yi ta girma, saƙonni suka yi ta taruwa. Da farko jefi-jefi suke zuwa, daga baya suka matso kusa da kusa. Wani lokaci wayar ta yi ta rawa a hannunta alamar kira, ta ɗauka ta ce, "Ba ni ji, ku rubuto," ta kashe. Ba a rubuto ba, don na'ura ce ke kiran.

Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ta ce nauyin ciki ne, ta ga mata da yawa haka. Kai ya riƙa sara mata, ta ɗaure shi da kallabi. Wani lokaci idonta ya riƙa ganin wasu ƙyalli-ƙyalli. Ta ɗauko katin awo ta duba, ranar da Madam Fatiha ta rubuta da saura. Ta ce bari ta jira ranarta, kada a ce ta cika raki. Gogo ta dafa mata saiwoyi ta ajiye a bakin ƙofa ba tare da ta ce na mene ne ba.

Wata hantsi tana shanya tsaba ta yanke jiki ta faɗi, jikinta na karkarwa. Nan kunya ta ƙare. Tsohon da ya bar gida saboda saƙon waya, shi ya ɗaura wa jaki amalanke da hannunsa. Daga gidan likita aka wuce da ita babban asibiti a mota.

Allah ya yi da sauran kwananta, ta farfaɗo. Yaron namiji ne, bai zo da rai ba.

Shamsuddin ya iso daga Madawa hankali a tashe. Sai a bakin asibitin ya san ƙanwarsa na da ciki. Ya same ta kwance, fuska a kumbure, Gogo na yi mata fifita. Ya zauna a gefen gado.

Nasiba ta ciro wayar daga ƙarƙashin matashi ta miƙa masa. Muryarta ta fita da ƙarfi fiye da yadda ta nufa, don ba ta jin kanta.

"Yaya, yanzu ba sauran abin ɓoyo. Rubuta mini abin da sunka ce. Ina so in sani."

Ya buɗe manhajarsa. Ya ga saƙonni jere, kowane an danna shi, wasu an danna har sau da yawa. A nan ya gane wace ce ƙawar.

Ya kara a kunne, yana ji yana rubutawa, yana miƙa mata tana karantawa. Ki ci ganye da wake. Ki kwana cikin gidan sauro. Kalmomin nasa ne, shi ya tsara su tare da ungozomomi. Da ya zo kan na baya-bayan, yatsunsa suka tsaya. Ta taɓa hannunsa alamar ya ci gaba. Ya rubuta:

"Nasiba, Madam Fatiha na son ganinki, tansiyonki ya hau. Kada ki jira ranar kati. In ƙafa ta kumbura ko kai na ciwo, ki zo yau."

Ta karanta a hankali, ta sake karantawa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma harare shi ba. Ta dai ce, "Ashe kirana akai. Da na tahi, Yaya. Ai ba nisa."

Shamsuddin ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan wayar. Gogo ta miƙe ta fita ta ba su wuri.

Da ya koma Madawa ya dakatar da tafiyar Tamaske. Ya sa rubutu a ƙarƙashin kowace murya. Ya sa hotuna saboda kurmar da ba ta yi lakwal ba, saƙon gaggawa kuma ya zo da ja, wayar ta yi ta girgiza har sai an duba. Ya nemi makafi da kurame da masu shanyewar hannu, ya ba su wayar, ya koma gefe yana kallon inda suke maƙalewa. A nan ya gano makauniya ma ba ta san inda koren yake ba.

Sa rubutun nan, wanda ya ce ba shi da lokacinsa, bai cinye masa mako ba. Manhajar ta gyaru, mata suna amfana har yau. Yaron kuwa yana kwance a maƙabartar ƙauye, ba a kai ga raɗa masa suna ba.

Darasi: Duk abin da ka yi ka ce na kowa ne, tsaya ka tambayi kanka wa ka bari a waje. Mai naƙasa yana da sirri da kunya da mutunci kamar kowa, kuma "ba wani ya taimake ka" ba amsa ba ce. Ku masu ƙera manhajoji, ku sa murya, ku sa rubutu, ku sa hoto, ku zauna da masu abin su gwada tun kafin ku fitar. Wanda kake kira mutum guda, ɗan wani ne, ƙanwar wani ce, wataƙila ma taka. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta, wanda ba ya gani kuma ku karanta masa.